Daɗin da Ke Ƙarshen Labari, na Wane Ne?

A garuruwan Magariya da Dungas, in dare ya yi, tsofaffi suna yi wa yara tatsuniya. Daɗin da ke ƙarshenta daɗin mai yunwa ne. Gizo kullum cikinsa yake yi wa dabara. Ɗiyar bora da aka kora wankin ƙirgi a ruwan Bagaja, da ta fasa ƙwai, sai dawaki da shanu da tufafi suka fito. Abin da babu a gidan mai tatsuniya, shi ake ba yarinyar.

Littafi kuwa daban yake. A 1934 aka buga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam a Zariya. Sunan ɗaya ne da tatsuniyar, amma daɗin ba ɗaya ba ne. Alhaji Imam ya kawo ruwan, ɗan sarki ya warke, shi kuma ya sami dukiya da girma a fada. Marubucin ɗan gidan malamai ne, ya yi karatu a kwalejin Katsina. Ba cikar rumbu ce ta dame shi ba, mutuncin malami gaban sarki ne.

A Kano kuma, Ado Ahmad Gidan Dabino ya rubuta In Da So Da Ƙauna. Sumayya ɗiyar masu hali ce. Tuwo bai taɓa hana ta barci ba. Ita daɗinta shi ne a bar ta ta auri talakan da take so.

To, yau labarin ƴan birni ya fi yawa, a littafi da fim ɗin salula. Saurayi yana kallon bene da mota, ya dubi gonar ubansa, ya ga ba komai ba ce. Wani in ya tafi cin rani, damina ba ta maido shi.

Manomi daɗinsa hatsi ya kai shi kaka ba bashi. Makiyayi daɗinsa saniya ta haihu, rijiya da ruwa, burtali a buɗe. Da wuya a ga labari ya ƙare da waɗannan. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya ɗan taɓo zancen. Ibrahim ya raina ƙauyensu, ya tafi Kano neman daɗi, ya faɗa hannun ɓarayi da ƴan iska.