Teku na Kwatano, mu muna gasuwa a Gaya

Jama'ar Yamai, ku bar ni in amayar da abin da ke cikina. Hutun lakkwal ɗin nan na kwashi yara huɗu da uwarsu, na ce bana sai sun ga teku da idonsu a Kwatano. Da can kar guda za ka shiga: Doso, Gaya, ka haye gada zuwa Malanbil, ka ratsa Paraku, washegari kana shan iskar teku.

Yanzu fa? Tun Yulin 2023 gadar a rufe take. CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata gefen, namu shiru. Wai tsaro. To wane irin tsaro ne ke hana mota bin gada, amma ya ƙyale kwalekwale cike maƙil da mata da goyo, babu rigar ruwa, a kogin da damina ta cika? Ko ɗan ta'adda bai iya shiga jirgin ruwa ba ne?

Tsakar rana muka sauka Gaya. Ba rumfa, ba iska, gumi har cikin takalmi. Ɗan kabu-kabu ya karɓi nasa, ɗan dako nasa, mai jirgi nasa, kowane ƙunshi da kuɗinsa. Autata sai da ta yi amai sau biyu don zafi. Da muka isa bakin teku ma, tambayarta ɗaya: "Baba, komawa ma ta jirgin nan za mu bi?"

Masu ce mana "ku yi haƙuri, kishin ƙasa ne", jirgin sama suke hawa zuwa Lome. Ban ga ko ɗayansu a bakin kogin nan da kaya bisa kai ba.