Kuɗin da ba a lissafawa idan za a tura yaro karatu waje

1/ Jama'a ku zo mu yi maganar inshorar lafiya da sabunta biza. Na san batun bai da daɗin ji kamar hoton filin jirgi, amma shi ke jefa 'yan uwanmu da yawa cikin tasku a shekara ta biyu ta zamansu a waje. Zare ne mai ɗan tsawo, a yi haƙuri.

2/ A cikin birnin Zariya, daga Kwarbai zuwa Ƙofar Doka, idan an ce wane zai tafi digiri na biyu a waje, lissafi uku ake yi: kuɗin makaranta, kuɗin jirgi, kuɗin ɗaki. A sayar da fili, kawu ya kawo nasa, inna ta ɗauko adashi. Ba mai tambayar nawa za a biya ranar da bizar ta ƙare.

3/ Mu ɗauki Ingila tunda can ake rububi. A 2015 suka kawo kuɗin lafiya na baƙi, ɗalibi fam 150 a shekara. A 2019 ya koma 300, a 2020 ya zama 470. Daga Fabrairun 2024 kuwa fam 776 ne ga ɗalibi, 1,035 ga sauran manya. Ninki biyar cikin shekara tara.

4/ Ga inda gizo ke saƙar. Ba wata-wata ake biya ba. Dunƙule ake biya, na dukan shekarun da kake nema, tun kafin a duba takardarka. Ka gama karatu kana son bizar shekara biyu ta neman aiki? To ka daina zama ɗalibi a lissafinsu. Fam 2,070 kenan a tashi ɗaya, ban da kuɗin bizar kanta.

5/ Yanzu ka juya shi zuwa naira. Kafin Yunin 2023 fam ɗaya bai kai naira 600 a farashin gwamnati ba. Bayan an saki naira, a 2024 ya kai wajen 2,000. Wato naira miliyan huɗu da ɗoriya, don lafiyar saurayin da ƙila ko ciwon kai bai yi ba. Iyayen da suka riga suka sayar da gona, me kuma za su sayar?

6/ Kuma ba Ingila kaɗai ba ce. A Jamus ba a sabunta izinin zama sai da shaidar inshora. Ta ɗalibai ta haura Yuro 100 a wata, kuma da zarar ka cika shekara 30 rangwamen ɗalibai ya wuce ka. Ku duba shekarun yawancin yayyenmu masu neman digiri na biyu bayan yajin aiki da hidimar ƙasa da zaman jiran aiki, sai ku gane wa abin zai fi dokewa.

7/ Turkiyya ma haka, Dubai ma haka. A Saudiyya ba a sabunta iƙama ga ma'aikacin kamfani sai inshorarsa na aiki, sai dai can doka ta ɗora wa mai ba da aikin biya.

8/ To ni ra'ayina, kuma na san wasu za su yi min ca: sharaɗin kansa ba zalunci ba ne. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a Shika ko asibitin Gambo Sawaba ya san yadda ciwo ɗaya ke cinye tattalin gida. A nan ma akwai dangi, akwai maƙwabta, ana iya cigiyar taimako a masallacin unguwa. A can wa zai haɗa maka? Kwana uku a gadon asibiti ba inshora, bashin ya fi ƙarfin zuri'a.

9/ Masu cewa inshora akwai magana a kanta ta fuskar addini, wannan fagen malamai ne, a tambaye su, akwai ma tsarin takaful. Amma jami'in shige da fice ba zai jira fatawa ba, takarda zai nema.

10/ Abin da nake ganin rashin adalci ne a tsarin Ingila shi ne biya biyu. Wanda ya samu aiki ana cire masa haraji, harajin nan da shi ake riƙe asibitocinsu, sannan ya sake biyan kuɗin baƙi. Su kansu sun san abin da nauyi, shi ya sa suka yafe wa masu bizar aikin lafiya da kula da marasa ƙarfi. Da suka buƙaci nas-nas ɗinmu, nan da nan aka samo hanya.

11/ Amma fa kafin mu cika baki, mu leƙa gida. A Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga duk ɗan Najeriya da duk baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida. Kaduna na da hukumarta, KADCHMA, ɗalibai kuma akwai TISHIP. A layinku mutum nawa ke da kati? Galibinmu kemis muka sani, sai ciwo ya ci ƙarfi a tafi asibiti da kuɗi a hannu. Shi ya sa idan an nemi takardar a waje muke jin kamar tara aka ci mu.

12/ Masu ɗaukar nauyin ɗalibai, ko gwamnatin jiha ce ko attajiri, ku rubuta kuɗin inshora na kowace shekara a cikin yarjejeniya, da kuɗin ƙasar da za a je. Alkawarin naira ba ya riƙe yaro a Landan. Idan inshora ta yanke biza ta tsaya, yaron ya koma zaman ɓoye ko ya dawo ba takardar shaida.

13/ Kai kuma mai shirin tafiya, idan ka zauna da ejan ka tambaye shi baki da baki: inshorar da ya haɗa maka ta wata nawa ce? Ta tafiya ce kawai ko ofishin shige da fice na can na karɓarta wajen sabuntawa? Ta rufe ciwon da ka riga kake da shi, kamar sikila ko asma? Idan ya fara cewa "sai ka isa za ka gani", kar ka tura masa ko sisi tukuna.