HIRAR WATA: Baƙin da ke jinyar ɗiyanmu

  

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yawo cikin garuruwan Kalfu. Duk wanda ya kai yaro asibitin Galmi, in ya komo gida sai ya yi ta. Waɗanga baƙi, mi ya raba su da ƙasashensu? Sun baro iyaye da ruwan sanyi, sun zo suna shan rana da ƙura, suna wanke gyambon ɗan wani. Wasu sun ce kuɗi suke biɗa. Wasu sun ce addini ne. Bari mu duba.

Asibitin Galmi na ƴan mishan ne. Ƙungiyar da ake ce ma SIM ta buɗe shi cikin 1950. Ita ƙungiyar ta girme shi nesa. Samari uku sunka fara ta cikin 1893, da sunka sauka Ikko. Biyu sun mutu kafin shekara ta kewayo. Cikin 1924 ta shigo ƙasarmu ta Damagaram.

Mu nan, duk mai farar fata anasara ne, shi ke nan. Amma ku tambayi wanda ya kwana Galmi da maras lafiya. Ya ga mutumin Amurka da na Ostareliya. Ya ga na Suwis da na Koriya. Ya ga baƙar fata ɗan Najeriya, da likitocin wasu ƙasashen Afirka da sunka zo koyon aikin fiɗa. Harshensu ba ɗaya ba, abincinsu ba ɗaya ba. Ko cikin addinin nasu, ɗariƙunsu daban daban ne. Da yawansu ƴan sa kai ne. Mutanen majami'arsu ta can gida ke tara masu kuɗin tafiya da na abinci. Ke nan zancen biɗar kuɗi ya faɗi.

To ƙaƙa mutane barkatai haka suke zama gida guda?

Mutumin Adar ya san amsa, don shi ma baƙo ne rabin shekara. Ku tuna ranar da yaro ya fara sauka Abijan. Bai san hanya ba, bai jin harshen gari. Sai mai masauki ya ba shi tabarma, a ci tuwo akushi guda. Ranar Juma'a ya tafi masallaci. A damansa ɗan Mali, a hagunsa ɗan Gine, sahu guda. Daga ran nan kewar gida ta fara sauƙi.

Haka waɗanga baƙi suke. Budurwa ta zo daga nesa, ba ta san kowa ba. Ta iske waɗanda sunka riga ta, su ne masu masaukinta. Ranar Lahadi su taru da Kiristocin ƙasarmu su yi addu'a. Abin da ke haɗa su nan shi ne Hausa. Littafinsu yana nan cikin Hausa tun 1932. Ɗan Koriya da ɗan Najeriya da ɗan Galmi, da harshenmu suke waƙar addininsu.

Wa ke koya masu Hausar? Akwai malamai, gaskiya ne. Amma ni a ganina yara sun fi kowane malami. Babba in ya ji baƙo ya karya magana, kunya ta hana shi gyara. Yaro kuwa dariya zai yi, ya maimaita, ya sake maimaitawa har ta zamna. Uwar da ta yi kwana ashirin a ɗakin masu tamowa, ita ma malama ce. Ita ke koya ma baƙuwa goyo da zane, da gaisuwa, da barka. Wata ran har ta raɗa mata suna na Hausa. Ran da anka kira baƙuwa da sunan nan ta amsa, ta samu dangi.

Zancen addini fa? Ba za mu rufe shi ba, don su ma ba su rufe shi ba. Kiristoci ne, kuma suna faɗin addininsu a fili. Ƙidayar 2012 ta nuna fiye da 99 cikin 100 na mutanen ƙasarmu Musulmi ne. Mafi yawan masu zuwa Galmi ma Musulmi ne. Suna tafiya da sallarsu, suna komowa da abarsu. Uban da ya bar ɗansa kwance gida don tsoron wanga zance, bai yi ma yaron adalci ba.

Akwai inda nike da magana da baƙin. Wasu sati biyu kawai suke yi. Su ɗauki yara, su yi hoto, su tafi. Yaro ya saba da hannu, gobe babu shi. Ɗan ci-ranin da ya yi sati biyu a Abijan bai isa ya ce ya san garin ba. Kuma iyaye, ku sani: in ba ku so a ɗauki hoton ɗanku, ku ce a'a. Haƙƙinku ne.

Wanda ya daɗe, shi ne ya zama namu. Mutanen Abalak sun san guda. Jeffery Woodke mutumin Amurka ne, Kirista. Ya yi fiye da shekara 20 tare da makiyayan yankin, cikin ƙungiyar JEMED. Aikinsu rijiyoyi ne, da taimakon masu dabbobi lokacin fari, da karatun ɗiyan makiyaya. Ya koyi harshen mutanen da ya zamna da su. Ran 14 ga Oktoba 2016, da dare, ƴan bindiga sunka shiga gidansa. Sun kashe mutum biyu masu tsaronsa, ƴan ƙasarmu, sunka tafi da shi. Sai ran 20 ga Maris 2023 anka sako shi, bayan shekara shidda da wata biyar. Irin wanga abu ya sa zaman baƙi a arewacin Adar ya yi wuya. In baƙo ya tashi, rijiyar da bai gina ba makiyayi ne ke rasa ta.

Yanzu ga abin da ya shafi kowane gida. Ku duba ɗiyanku, musamman tsakanin shibka da girbi, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. In yaro ya rame, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja, ko ya ƙi nono, tamowa ce ke kusa. Kada a jira ranar kasuwa. A fara da likitar da ta fi kusa. In sun ga abin ya fi ƙarfinsu, su tura ku Tawa. Mai zuwa Galmi kuwa, daga Tawa ya bi Badagishiri har Tsarnawa, ya yi gabas, ya wuce Malbaza. A tafi da katin awon yaro, da zane, da ɗan guzuri, don ana iya riƙe uwa da ɗa kwanaki.

Wanda ya iya karatu ya karanta ma maƙwabcinsa. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.