Sharhi: Hutun haihuwa na mako 14 a Nijar, mata nawa yake kaiwa a Abala?

A rubuce, mace ma'aikaciya a Nijar ba ta da abin kuka. Dokar ƙwadago ta 25 ga Satumban 2012 ta ba ta hutun haihuwa na mako 14, takwas daga ciki bayan ta sauka, kuma ana iya ƙara mata mako uku idan likita ya tabbatar da rashin lafiyar da ciki ko haihuwa ya jawo. Ba a yarda a kore ta a wannan lokaci ba. Idan ta koma aiki tana da awa guda kowace rana ta shayarwa har jariri ya shekara. A 2019 ƙasar ta rattaba hannu kan yarjejeniya mai lamba 183 ta ƙungiyar ƙwadago ta duniya, wadda ta sa mako 14 a matsayin mafi ƙanƙantar hutu.

Sai dai dokar tana aiki ne kan wadda ke da takardar aiki da lamba a asusun CNSS. Fiye da tara cikin goma na masu neman abinci a Nijar kuwa ba su da ko ɗaya. A Abala, gundumar da aka ciro daga Filinge a 2011, masu albashi ba su wuce malaman makaranta, ma'aikatan likita, jami'an gwamnati da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da suka ƙaru tun zuwan 'yan gudun hijirar Mali a 2012 ba. Sauran matan Kurfey manoma ne, masu kiwo da masu ƙananan sana'o'i. Mai tuyar ƙosai idan ta zauna jego, ranar da ta ajiye kasko ranar kuɗi suka tsaya.

Ko ga masu takarda akwai gyara. CNSS rabin albashi take biya. Ragowar rabin yana wuyan mai ba da aiki, shi ma ga wadda ta shekara biyu a wurinsa. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi, jaka 42, idan ba ta cika shekara biyun ba jaka 21 za ta gani a wata, daidai lokacin da ake neman ragon suna da magani. Shi kuma mai ƙaramin kamfani yana lissafi: zai biya rabin albashin wadda ba ta nan, ya kuma biya mai riƙe mata wuri. Wannan lissafi ne ke sa wasu guje wa ɗaukar sabuwar amarya, ko su riƙa ba ta kwangilar 'yan watanni da ke ƙarewa da zarar ciki ya fito. Shi ya sa yarjejeniya ta 183 ta fi son kuɗin su fito daga asusun bai ɗaya ko baitulmali, ba daga aljihun mai ba da aiki shi kaɗai ba.

A ƙauyukan Abala da Sanam, hutun da mata suka sani shi ne na gargajiya: goyon ciki a gidan iyaye, wankan jego na kwana 40, kunun kanwa, da uwa ko goggo mai ɗauke daka da ɗiban ruwa. Kuɗinsa na fitowa daga rumbu, daga akuyar da aka sayar, da aiken mazan da suka tafi biɗa Yamai, Najeriya, Libiya ko Abijan. Wannan tsari ne rashin tsaro ya girgiza. Abala na cikin gundumomin da aka sa wa dokar ta-ɓaci tun Maris 2017, an taƙaita hawan babur, ƙauyuka sun watse, an kore dabbobi. Macen da ta gudo gari da tsohon ciki sau da yawa ba uwa kusa, ba rumbu. Matakin gwamnati na 2024 na mayar da haihuwa kyauta a asibitocinta ya rage kuɗin ranar haihuwa, amma bai ciyar da mai jego kwana arba'in.

Batun uba kuwa ya fi zama baya. Najeriya ta amince wa ma'aikatan tarayya maza kwana 14 a 2021, Faransa ta kai nata kwana 28 a shekarar. A Nijar abin bai wuce ɗan izinin hidimar iyali ba, wanda bai isa ma'aikacin da ke Yamai ya je Abala suna ya dawo a natse ba.

Gyara biyu suka fi kusa: a mayar da dukan kuɗin hutun kan CNSS ta gudummawar da kowane kamfani ke zubawa, ko yana da mata ko babu, sannan a sa masu ciki da masu jego a sahun gaba na tallafin kuɗi da ake rabawa a yankunan rikici. Kafin nan, matashiyar da ta samu aiki ta nemi lambarta ta CNSS tun watan farko, ta tabbatar ana zuba mata. 'Yan biɗa kuma su sani, a Kurfey har yanzu aikensu ne albashin mai jego.