Wasan Hasken Jirage Marasa Matuƙa: Halal Ne, Amma Da Ma'auni

A daren buɗe wasannin Olympics na Tokyo a shekarar 2021, ƙananan jirage marasa matuƙa 1,824 sun tashi sama, suka zana siffar duniya da haske. Kowane jirgi yana ɗauke da fitila, kwamfuta ce ke tsara masa inda zai tsaya da launin da zai nuna. Yau wannan wasa ya zama ruwan dare a bukukuwan Riyadh da Dubai.

A ganinmu, asalinsa halal ne, domin ƙa'idar malamai ita ce al'adu suna kan halacci har sai dalili ya hana. Ya ma fi wasan tartsatsin wuta, tunda babu hayaƙi, babu ƙarar da ke firgita yara da marasa lafiya.

Sai dai halacci ba ya ɗauke hisabi. Suratul Isra'i ta yi kakkausan gargaɗi kan almubazzaranci, don haka hukumar da asibitocinta ba su da magani ba ta da hujjar kashe dukiyar jama'a kan kallon 'yan mintoci. Ya kuma tabbata cewa Annabi (SAW) ba ya son hira bayan sallar Isha, balle kallon da zai sa a makara Asuba. Ga kuma batun kare rai: a Disamban 2024, jirage sun faɗo cikin 'yan kallo a birnin Orlando na Amurka, wani yaro ya ji mummunan rauni.

Saboda haka, kafin mu kai iyalanmu, mu tambayi abin da za a zana, kuɗin wa aka kashe, da lokacin da za a tashi. Allah Ya sa mu dace.