Ra'ayinmu: A Sa Burtali A Taswira Tun Kafin A Shimfiɗa Dogo

Jama'a makiyaya da fataken dabbobi: Duk sa'ad da wata gwamnati ta ce za ta kawo jirgin ƙasa na cikin gari, ko mai bi ta ƙarƙashin ƙasa ne ko mai bi ta bisa ginshiƙai, da yawa daga cikinmu sukan ɗauka zance ne na ma'aikata da 'yan kasuwar birni, babu ruwan mai sanda a kafaɗa. A ganin wannan ƙungiya, wannan babban kuskure ne. Layin dogo yakan fara ne da zanen alƙalami a kan taswira, a cikin wani ofis, shekaru kafin a ga katafila. Ranar da aka ja wannan zane kuwa, ranar ce aka yanke hukuncin ko garkenka zai kai ga mashaya ko ba zai kai ba.

Mu ɗauki Kano. A shekarar 2016 aka ba da sanarwar kwangilar kusan dala miliyan 1,850 da wani kamfanin gina dogo na ƙasar Sin, domin shimfiɗa layuka huɗu masu tsawon kilomita 74 a birnin da kewayensa. Shekaru sun shuɗe ba a hau wannan jirgi ba, amma maganar ba ta mutu ba, kuma birni mai yawan jama'a irin Kano ba zai daɗe yana dogara ga bas da a-daidaita-sahu kaɗai ba. Ko ba daɗe ko ba jima za a yi. Tambayar ita ce, ta ina zai bi, kuma wa aka tambaya?

Ga yadda ake tsara irin wannan aiki. Da farko injiniyoyi sukan ƙidaya masu shiga gari da masu fita, su ga inda cunkoso ya fi yawa. Sannan su zana hanyoyi biyu ko uku, su auna kuɗin kowace, a zaɓi ɗaya. Haƙa rami a ƙarƙashin gari yana da tsada ainun, saboda haka da zarar layi ya fita daga tsakiyar birni sai a hau da shi doron ƙasa, a katange shi hagu da dama. Bayan wannan, kowane layi yana bukatar makeken fili shimfiɗaɗɗe a bayan gari, inda jirage za su kwana a gyara su. Mai zane yakan nemi wurin da babu gini, don a rage biyan diyya. To, wane wuri ne babu gini a gefen birni? Burtali ne, da makiyaya, da bakin fadama, da filin da ake sauke shanu kafin a shiga da su kara.

Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne lokacin da masu awo suke zuwa. Gona tana nan a inda take, gida yana nan a inda yake, amma garke yau yana nan, gobe ya yi gaba. Idan mai awo ya zo da damina, shanu sun yi arewa, ko ya zo tsakiyar rani, sun gangara kudu, abin da zai rubuta a littafinsa shi ne fili ne babu kowa. Bai yi ƙarya ba, abin da idonsa ya gani ke nan. Amma da wannan rubutu za a yi aiki har a gama.

Ba sai mun jira jirgin cikin gari ba kafin mu ga misali. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil. Hanyarsa ta bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Duk wanda ya taɓa kora shanu tsakanin Nijar da Nijeriya ya san wannan ƙasa ce ta labi da manyan kasuwannin dabbobi. Jirgin zamani yana da gudu, ba a barin dabba ta hau kan dogonsa. Idan mashiga ɗaya ta yi nisa da 'yar'uwarta, makiyayi zai bi gefen katanga yana neman ƙofa, gefen katangar kuwa gonar wani ce. Daga nan rigima take tashi, a ce makiyayi ya yi ɓarna, alhali tun a kan takarda aka shuka fitinar.

Kada a fahimce mu a karkace. Ba mu ƙin dogo. Tun da jirgi ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda da Nguru daga baya, kakanninmu suka riƙa loda shanu a tarago zuwa Ikko, suna isa da ƙibarsu. A 2016 ma an gwada ɗaukar shanu 500 a jirgi daga Gusau zuwa Legas. Duk falken da ya san abin da tirela take ci, da shingayen da ake tsayar da shi a hanya, da dabbar da take faɗuwa a cikin mota, zai yi maraba da jirgi. Abin da muke cewa shi ne a yi shi da saninmu.

Sai maganar wa'adi, wadda ita ma ta shafe mu. 'Yan'uwanmu masu kiwo da fataucin raƙuma da tumaki a Fazzan ta ƙasar Libiya sun ga darasi a kan wannan. A 2008 gwamnatin ƙasar ta ba wani kamfanin Sin kwangilar dogo mai tsawon kimanin kilomita 800 daga gaɓar teku zuwa Sabha. Yaƙin 2011 ya ɓarke, ma'aikata suka kwashe nasu ya nasu, aiki ya tsaya. Har yau a Wadi Bawanis, daga Tamanhint zuwa Samnu da Zighan, a mota ake ɗaukar dabba da abincinta. Ba Libiya kaɗai ba. A Legas an aza harsashin jirgin cikin gari a 1983, aka soke shi a 1985, aka fara wani a 2009, bai ɗauki fasinja ba sai 2023. Na Abuja an fara shi a 2007, aka buɗe a 2018, ya tsaya a 2020, ya dawo a 2024. Na ƙarƙashin ƙasa a birnin Aljas an soma shi tun shekarun 1980, sai 2011 aka buɗe. Dogon Maraɗi ma wata 36 aka ɗiba masa, wa'adin ya zo ya wuce.

Jirgi yakan makara, amma karɓar fili ba ta makara. Da wuri ake kafa turaku, a tara tudun ƙasa, a haƙa ramuka, sannan kuɗi su yanke. Idan ba a gina mashigar dabbobi da farko ba, sai makiyayi ya shekara goma yana kewaya aikin da bai amfani kowa ba tukuna.

Doka ba ta hana mu magana ba. Dokar soja mai lamba 86 ta 1992 ta wajabta a binciki illar kowane babban aiki ga muhalli da jama'a, kuma akan baje rahoton na kwana 21 na aiki don mai ƙorafi ya kawo. Matsalar ita ce da Turanci ake rubuta shi, a ajiye a ofis, labarinsa bai kai ruga ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuma tana biyan diyyar gini da amfanin gona da itatuwa, amma ciyawa da sawun shanu ba su da farashi a cikinta. Akwai dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965. A Nijar dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. ECOWAS ta yi nata tsarin na ƙetara iyaka da dabbobi a 1998, kuma ko da yake Nijar ta fice daga ƙungiyar a 2025, shanu ba su daina bin ruwan sama ba.

Saboda haka muna kira ga hukumomin da abin ya shafa da abubuwa huɗu. Na ɗaya, a sa kowane burtali da mashaya da kara a taswirar aiki kafin a zaɓi hanya, tare da arɗo da sarkin Fulani da sarkin zango a cikin masu nunawa. Na biyu, a yi awo sau biyu, da damina da kuma bayan kaka, lokacin da garkuna suke ratsawa. Na uku, a gina mashigar dabbobi mai faɗi da tsawo, wadda raƙumi zai wuce kuma ba ta cika da ruwa, kafin a kafa katanga. A Kenya, da aka buɗe dogon Mombasa zuwa Nairobi a 2017, an bar wa giwayen dajin Tsavo mashigai a ƙarƙashinsa. Idan giwa ta samu, saniyar da take ciyar da birni da nama da nono ba ta fi ƙarfin a yi mata ba. Na huɗu, a karanta taƙaitaccen rahoton da jadawalin aikin da Hausa da Fulfulde a gidajen rediyo da kuma ranakun kasuwa a Wudil, Dambatta da Mai'aduwa.

Mu ma akwai namu. Kowane reshe na wannan ƙungiya ya zauna da dattawansa, a rubuta sunayen burtalolin yankinsa, daga ina suka taso, ina suka nufa, wane wata ake binsu, a kai kofe ɗaya ga hakimi, ɗaya ga ƙaramar hukuma, a riƙe ɗaya da hatimin karɓa. Wanda ya ga baƙi da na'urar awo a makiyaya, kada ya tsorata, kada kuma ya yi faɗa. Ya yi musu sallama, ya tambayi aikin mene ne, ya sanar da arɗo a ranar. Fatake kuma kada su yi gaggawar sayar da filin kara don jin jirgi yana tafe.

Hausawa suka ce tun ran gini tun ran zane. Layin da yake kan takarda ana iya gusar da shi da alƙalami, amma wanda aka zuba wa kankare sai dai 'ya'yanmu da jikokinmu su yi ta kewaya shi. Allah ya ba shugabanni ikon saurare, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da manomi da makiyayi lafiya. Amin.