Mudun Aro: Ƙidayar Ambato da Kasuwar Baleyara

Wata al'ada ta shigo jami'o'inmu tana neman zama doka: auna malami da yawan ambaton da rubuce-rubucensa suka samu a rubuce-rubucen wasu. Idan za a gabatar da mai jawabi a taro, kafin a faɗi abin da ya gano, sai a karanto adadin maƙalunsa da lambar da Google Scholar ya ba shi, masu sauraro su jinjina kai. Lamarin ya yi ƙamari a fannin tsarin bayanan kasuwanci, wato ilimin da ke nazarin yadda labarin farashi da kaya da bashi ke gudana tsakanin 'yan kasuwa, da na'urorin da ke ɗauke da shi. Da'awata ita ce wannan mudu na aro ne, kuma idan muka riƙe shi shi kaɗai, zai raba masananmu da kasuwannin da ya kamata su yi wa hidima, irin ta Baleyara da ke kan hanyar Yamai zuwa Filinge.

Mu fara da asalin mudun. A 1964 Eugene Garfield ya fito da kundin ƙidayar ambato na kimiyya a Amurka, domin mai bincike ya bi sawun tunani daga maƙala zuwa maƙala. A 2004 Google Scholar da Scopus suka bayyana, ƙidayar ta koma aikin kwamfuta. A 2005 wani masanin kimiyyar fiziks, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro lambar h: mai lamba 20 shi ne wanda ke da maƙala 20 da aka ambaci kowace aƙalla sau 20. Abin da aka ƙera don neman hanya a ɗakin karatu, sai ya rikiɗe ya zama sikelin ƙarin girma da rabon kuɗin bincike.

A fannin da muke magana a kai, ɗaya daga cikin maƙalun da suka fi samun ambato ita ce wadda Fred Davis ya buga a mujallar MIS Quarterly a 1989, kan dalilin da ke sa mutum ya karɓi sabuwar na'ura: ganin amfaninta da sauƙin sarrafa ta. Ma'aikatan kamfanin IBM da ɗaliban jami'a ya yi nazari a kansu. Aiki ne mai kyau a muhallinsa. Amma dubi abin da ya haifar a wajenmu. Matashin malami mai neman ambato ya san hanya mafi sauƙi: ya ɗauko tambayoyin Davis, ya raba wa ɗalibansa 200, ya sauya sunan ƙasa, ya buga. Masu irin wannan aiki suna ambaton juna, lamba tana hawa, ilimi yana nan inda yake.

Za a ce ai akwai bincike a kan Nijar da ya samu ambato mai yawa kuma ya cancanta. Haka ne, yabon gwani ya zama dole. A 2010 Jenny Aker ta Jami'ar Tufts ta buga nazarinta kan shigowar wayar salula kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006. Ta nuna cewa salula ta rage tazarar farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, domin ɗan kasuwa ya daina sai ya hau mota kafin ya san kuɗin gero a wani gari. An ambaci maƙalar sau dubbai. To amma wannan misali shi ne hujjata mafi ƙarfi, ta fuska biyu.

Ta farko, daga ina alƙaluman farashin suka fito? Daga SIMA, tsarin tattara bayanan kasuwannin amfanin gona da Nijar ta kafa tun 1989. Ma'aikatansa ne ke shiga kasuwa ranar cinta, su tambayi kuɗin tiya, su auna, su rubuta, shekara da shekaru. Wannan shi ne tsarin bayanan kasuwanci na haƙiƙa a ƙasarmu, tare da takwaransa na kasuwannin dabbobi. Waɗanda suka gina shi, suka riƙe shi cikin fari da yunwa, Scopus bai san da zamansu ba. Mudun yana ƙirga wanda ya dafa, ya manta da wanda ya noma.

Ta biyu, a 2015 Aker da Marcel Fafchamps sun sake duba lamarin ta ɓangaren manomi. Suka tarar salula ta rage tazarar farashin wake a hannun manoma, amma ba su ga irin wannan a gero da dawa ba, kuma matsakaicin kuɗin da manomi ke samu bai ƙaru ba. Ga manomin ƙasar Kurfai, wannan maƙala ta biyu ta fi ta farko nauyi, domin ita ce ke gaya masa cewa jin farashi daban, iya cin moriyarsa daban. Mai bashi a wuya, wanda ba shi da rumbun ajiya ko kuɗin mota, dole ya sayar da kaka ko da ya san farashin Yamai. Duk da haka ambatonta bai kai na ta farko ba. Labari mai daɗi ya fi saurin yaɗuwa, a kasuwa da jami'a duka.

Yanzu mu tsaya a Baleyara, kimanin kilomita 100 daga Yamai, a kwarin Dallol Bosso. Kowace Lahadi Zabarmawa da Buzaye da Fulani da Hausawa suna haɗuwa a can da shanu da raƙuma da tumaki da hatsi. Wannan kasuwa cike take da tambayoyin da fannin ya kamata ya amsa. Dillali ya san mai dabba, ya san mai saye, yana tsaya wa baƙo shaida cewa saniyar ba ta sata ba ce, yana riƙe lissafin bashi a ka ko a ɗan littafi. Me ya rage na la'adarsa bayan salula ta shigo? Yaya saƙon murya na WhatsApp ya sauya ciniki tsakanin mutanen da ba su yi boko ba? Wa ke ɗaukar asara idan kuɗin da aka tura ta waya suka ɓata hanya? Sa'ad da aka hana zirga-zirgar babura a yankin Tilaberi a 2020 saboda matsalar tsaro, ta wace hanya labarin farashi ya riƙa isa ƙauyuka? A watan Maris na 2021 an kashe mutum 58 a yankin Banibangu, wasunsu a hanyar komawa gida daga kasuwa. Tun daga nan kowa ya gane cewa labarin lafiyar hanya ya zama bayanin kasuwanci na farko, gaba da farashi.

Malamin da zai amsa waɗannan tambayoyi sai ya yi watanni yana zuwa kasuwa, ya iya Zabarmanci da Hausa, ya samu amincewar dillalai. Ƙarshenta ya fitar da maƙala ɗaya, wataƙila da Faransanci, a mujallar da manyan rumbunan ƙidaya ba su ɗauka ba. Abokinsa da ya zauna ofis ya fitar da biyar da Ingilishi. Idan kuma na farkon ya nufi manyan mujallu, da yawa daga cikinsu suna neman dala 2,000 ko 3,000 kafin su buɗe maƙala ga kowa, kuɗin da ya haura albashin wata na yawancin malamanmu. Wanda ya kasa sai ya faɗa hannun mujallun damfara masu buga komai in dai an biya. Wa muke hukuntawa da wannan tsari, wa muke sakawa?

Masu kare ƙidayar suna da hujja da ba za a raina ba. Suna cewa lamba ba ta san ɗan wane ba, ba ta karɓar goro, kuma a inda son kai ya yi katutu ita ce garkuwar malamin da ba shi da uwa a gindin murhu. Na yarda da rabin maganar. Amma lamba ma ana saye da musayarta: ka ambace ni in ambace ka, mai duba maƙala ya tilasta a saka sunansa. Su kansu masu mudun sun yi gargaɗi. Sanarwar San Francisco ta 2012 ta nemi a daina auna mai bincike da darajar mujallar da ya buga a ciki, sannan ƙa'idoji goma na Leiden na 2015 sun ce lamba ta zama mataimakiyar hukuncin masana, kuma a kare binciken da ya shafi bukatun gida. Abin takaici ne mu rungumi abin da masu shi ke sassautawa.

Hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, take kuma tantance ƙarin girman malaman jami'a a ƙasashe masu amfani da Faransanci, tana da ikon gyara, haka ma Jami'ar Abdou Moumouni da Jami'ar Tilaberi da aka buɗe bayan dokar 2014. Abu uku nake nema. A bukaci mai neman matsayi ya zaɓi ayyukansa uku mafiya kyau, alƙalai su karanta su daga farko har ƙarshe. A ƙirga gina rumbun alƙaluma da kula da shi a matsayin aikin bincike, a kuma sa sunan masu tattarawa. A ba da maki ga wanda ya mayar da sakamakon bincikensa ga mutanen da ya yi nazari a kansu, da harshensu, ta rediyon gari ko a gaban ƙungiyar dillalai.

Ba na kira a yi watsi da ƙidaya, domin tana nuna wanda malamai ke karantawa, kuma sanin haka yana da amfani. Abin da ba ta nunawa shi ne ko makiyayin da ya kora shanunsa daga Abala zuwa Baleyara ya koma gida da kuɗin da ya dace. Fannin da ya ce kasuwa yake nazari, wajibi ne a riƙa yi masa wannan tambaya ranar da ake raba muƙamai.